Kafin ka nemi gurbin bayofizik a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena,

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a bayokemistiri, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son zuwa Jamus digiri na biyu a bayofizik, wato nazarin abubuwa masu rai da dokokin fizik, musamman ɓangaren zafi da makamashi a jikin mai rai, wanda ake kira tamodainamik. Ka kuma tambaya ko wanda lissafinsa bai taka kara ya karya ba zai iya. Da wannan zan fara, don ita ce ta kusa mai da ni gida.

Da irin takardarka na zo, ina ganin haddar da ta fisshe ni a gida za ta fisshe ni a nan. Jarrabawata ta farko ta baki ce, daga ni sai malami da mai rubuta masa, ga allo a gefe. Ya ce doka ta biyu ta tamodainamik ta nuna komai watsewa yake yi, to yaya ruwan ƙwai ke zama ɗan tsako mai ido da ƙashi cikin kwana 21? Na amsa da ƙarfina: ƙwai ba a rufe yake ba, yana shaƙar iska ta ɓawonsa, yana fitar da zafi da tururi, watsewar da yake jawowa a waje ta fi tsarin da yake ginawa a ciki. Ya gyaɗa kai, ya miƙo min alli, ya ce in rubuta hakan da lissafi. Na tsaya riƙe da alli har ya jiƙe a hannuna. Sai da na maimaita kwas ɗin.

Tambayar tsohuwa ce. Erwin Schrödinger ya yi mata ɗan littafi a 1944, Ilya Prigogine kuma ya ci kyautar Nobel a 1977 kan yadda tsari ke tasowa a abin da makamashi ke ratsawa ba tsayawa. Amma aikin yau da kullum lamba ne. Mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai kusan wat 100, kamar ƙwan fitila na da. ATP da ka haddace, sinadarin da ke ɗaukar makamashi a jiki, yana ba da kilojul 30 a kowane mol a ma'aunin littafi, a cikin ƙwayar halitta ya fi kusa da 50, kuma za a ce ka fito da dalilin daga yawan sinadaran da ke wurin. Tantanin ƙwayar jijiya kaurinsa kamar nanomita 5 ne, tsakanin ciki da waje akwai milibolt 70. Raba ka gani, ya haura bolt miliyan 10 a mita guda. A birnin Gottingen na nan Jamus ne Erwin Neher da Bert Sakmann suka auna wutar da ke bi ta ƙofa ɗaya tal a jikin tantanin, suka samu Nobel a 1991.

Don haka watannin nan da kake zaune, ka koma kan kalkulas, da lissafin yiwuwa, da na matiris, ka kuma koyi Python, harshen shirya manhajar kwamfuta, har ka iya zana sakamakon gwaji da kanka. Ka riƙa warware tambayoyi da biro, kallon bidiyo kawai ruɗin kai ne. Masu tantance takardu ma suna ƙirga kwasa-kwasan lissafi da fizik da ka yi, jami'o'i da yawa sun ƙayyade adadin da suke so.

Abin da ya riƙe ni a fannin kuwa amosanin jini ne, sikila, wadda ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu ita. Ka san tushenta: a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Balin ba ya shiri da ruwa, to da zarar iskar oksijin ta sauka, sai ƙwayoyin himogulobin su manne wa juna su zama zare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Abin da ba a koya mana ba shi ne manne ɗin ba nan take yake faruwa ba, akwai ɗan jinkiri. In ƙwayar ta fice daga siririyar jijiyar jini kafin zaren ya haɗu, ta tsira. Kuma jinkirin nan, himogulobin ya ɗan ƙara kauri kaɗan, sai jinkirin ya ragu ƙwarai. Ranar da na lissafa wannan da hannuna na gane abin da ya sa likita ke nacin mai sikila ya yi ta shan ruwa, na tuna 'yar maƙwabtanmu da ake kwana da ita a asibiti duk lokacin zafi. In za ka rubuta wasiƙar neman gurbi, irin wannan za ka kawo, ka bar zancen tun kana yaro kake son kimiyya.

Batun kuɗi a taƙaice. Yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan yuro na zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Biza tana buƙatar asusun ajiya na musamman. Daga Satumban 2024 yuro 11,904 ne na shekara, ka duba ko ya ƙaru. Doka ta ba ɗalibi damar aikin kwana 140 a shekara, sai dai ɗakin gwaji ba zai bar maka wannan lokacin ba, kada ka ɗora lissafinka a kai. Nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, da wuri, ɗakin kwana kuma tun ranar da takardar gurbi ta fito.

Turo min jerin kwasa-kwasanka in ga lissafi nawa ke ciki. In Allah ya yi tafiyar, kada ka sa kilishi a jaka, an hana shigo da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yaji dai ka riƙo min. Ka gaida Hajiya da su Baba.