Bashi a wuya, aljihu wayam: ta ina ake shiga harkar filaye?

Ɗan'uwa, ka ce ana bin ka bashi, ba ka da ko sisi a ajiye, amma ranka na son harkar filaye da gidaje. To, fili ba tumatir ba ne da za ka saro da safe ka sayar kafin la'asar. Kuɗi kan kwanta a cikinsa shekaru, mai bin ka kuwa ba zai jira ba. Kada ka ci sabon bashi don sayen fuloti, balle na manhajojin wayar nan masu ruwa, waɗanda in ka yi jinkiri suke bin 'yan'uwanka da saƙon tozarci.

Ƙofar da ba ta neman jari ita ce dillanci. Ka manne wa wani tsohon dillali a unguwarku, ka riƙe masa tef in ana awo, ka raka masu neman haya. Da haka na fara. La'adata ta farko ta hayar ciki da falo ce, rabinta kuma mai shagon da ke bi na na kai wa.

A nan za ka gane takardar mai unguwa daban, shaidar mallaka ta gwamnati daban. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa a Kano ake zuwa KANGIS, hukumar gwamnati mai adana bayanan filaye, a duba fayil kafin a biya. Kuma ka riƙa zagaya filaye a watan Agusta, lokacin da kwari ke tona asirin kansa.

In bashin ya kau, shiga adashi, ku haɗu ku uku ku sayi fuloti ɗaya a bayan gari, a rubuta kason kowa gaban shaidu.