Airflow 3 zai jira sai alhazai sun koma

Jiya muna shan shayi a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ka tambaye ni: Airflow 3, sigar da ta biyo bayan ta 2 ta manhajar da ke tsara mana ayyukan kwamfuta tana tayar da su kan lokaci, ya fito tun Afrilun 2025, kuma kyauta ne, me ya zaunar da mu a kan na 2? To ɗana, saurara.

In ka ga an tashi daga 2.9 zuwa 2.10, fenti aka sake wa gidan. In lambar farko ce ta canja, katanga aka rushe. Duk abin da masu Airflow suka daɗe suna gargaɗi a kai cikin log, wato rahoton da manhajar ke rubutawa, wanda ni da kai muke tsallakewa, ranar ake cire shi. SubDAG, tsohuwar hanyar haɗa ayyuka rukuni-rukuni, ya tafi, sai TaskGroup. An soke execution_date, tsohon sunan ranar aiki, sai logical_date. Aikin da ya saba kutsawa rumbun bayanan Airflow kai tsaye an rufe masa ƙofa, dole ya bi ta API, wato hanyar da aka tanada don neman bayanai.

Amma waɗannan ba sa hana ni barci, domin ihu suke yi. DAG, wato jerin ayyukan da muke rubutawa a fayil, ya ƙi tashi, ja ya cika allo, ka gyara. Ruff ma, manhajar duba kurakurai a lambar da muka rubuta, yana da ƙa'idojin AIR da za su zaƙulo maka da yawa daga cikinsu tun kafin ka taɓa komai. Na sha irin wannan bayan fitowar 2.0 a Disambar 2020, da aka raba operators, wato tubalan da ake gina ayyuka da su, zuwa fakiti daban-daban: na ɗaga namu ranar Alhamis da yamma, hutun Juma'a da Asabar a ofis na yi shi. Wahala ce kawai, ba asara.

Wanda ya yi shiru nake tsoro. Buɗe fayil ɗin da ke jawo mana jerin baƙin da za su sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz washegari. Ina aka rubuta schedule, wato lokacin tashinsa, a ciki? Babu. Wanda ya rubuta shi ya dogara ne da cewa na 2 zai tayar da shi sau ɗaya kullum ko ba a ce masa ba. A na 3, DAG marar schedule yana nan kwance sai an tayar da shi da hannu. Allo fes, ba ja ko ɗigo. Ba za ka sani ba sai jagoran tawaga ya bugo ƙarfe uku na dare, tsofaffi cikin harami suna zaune kan jakunkunansu, ba motar da za ta kai su Makka. Haka catchup, wato rama ayyukan kwanakin da aka tsallake: da a kunne yake zuwa, yanzu a kashe. In sabar (server) ta kwana biyu a mace, ba mai rama kwanakin.

Za mu koma na 3, ko don adana sigar kowane DAG da yake yi yanzu. Na gaji da gardamar wace lamba ce ta gudana makon jiya. Amma ba tsakanin azumi da Hajji ba.

Kafin nan ga aikinka: bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta schedule da catchup ƙarara a kowanne. Fara da na filin jirgin.