Kada ka rubuta sunan tukuna

Ɗana, na ga takardar da ka bar mini a kan tebur. Ka ce kan rogon da ka yanko a gonar kawunka ta hanyar Ejisu, wanda farin ƙwaron nan mai gari-gari ya lulluɓe, ya yi mako biyu a kwalba, ƙananan zanzaro sun fito sun kusa ashirin, duk baƙaƙe kamar ɗigon tawada. Kana tambaya ko ka rubuta musu Anagyrus lopezi kawai, tunda kowa ya san shi ne ke shiga jikin wannan ƙwaro.

Kada ka rubuta tukuna. Na zuba su a faranti na duba bayan sallar la'asar, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Gobe ka zo da wuri ka ɗora su a ƙarƙashin madubin ƙara girma da kanka. Ka fara da ƙaho. Macen Anagyrus gaɓar farko ta ƙahonta faffaɗa ce, a baje kamar ganye, ga kuma fari-fari a jikin ƙahon. Ka juya ta gefe da bakin allura, za ka ga haƙarƙarinta a kumbure, sumul, babu tsagi, sannan a ƙafarta ta tsakiya akwai wata ƙaya mai kauri wadda take tsalle da ita. Wannan ita ce shaidar dangin Encyrtidae. To a cikin kwalbarka akwai guda huɗu da ba haka suke ba. Jikinsu a daɓe yake, yana sheƙi kamar an shafa man kaɗe, kuma ƙarshen ƙahonsu doguwar kulki ce guda ɗaya, babu gaɓa a cikinta. Waɗannan daga dangin Signiphoridae suke, ina kyautata zaton Chartocerus ne. Su ba farin ƙwaron suke ci ba. Tsutsar Anagyrus ɗin da ke ciki ita ce abincinsu. Wato maƙiyin abokinmu ne, kuma daga gawar ƙwaro ɗaya suke fitowa da shi. Akwai wani ma mai irin wannan hali, Prochiloneurus, shi ɗan gidan Encyrtidae ne, macensa na da duhu a fiffike da bututun ƙwai da ya fito waje ta baya. Da ka rubuta suna ɗaya a kan kwalbar nan, da ka ƙirga ɓarawo cikin masu gadi.

Ina so ka san abin da ya sa nake tsananta wa wannan. Farin ƙwaron rogo ba ɗan Afirka ba ne. A farkon shekarun 1970 aka fara ganinsa a yankin Kwango, ya bazu kamar wutar daji, rogo ya riƙa nannaɗewa yana tsumburewa. Sai a 1977 wata masaniya Bafaransa, Danièle Matile-Ferrero, ta bayyana shi ta raɗa masa Phenacoccus manihoti. Masu neman maƙiyinsa sun fara zuwa arewacin Kudancin Amurka, suka sami wani ƙwaro mai kama da shi a jikin rogo, suka kwaso zanzaron da ke cinsa. Da aka kawo, zanzaron suka ƙi hayayyafa a jikin namu. Ashe wani iri ne daban, wanda daga baya aka kira Phenacoccus herreni. Shekaru suka tafi a kan kuskuren suna ɗaya, manoma na asara. Sai da wani masanin ƙwari, Anthony Bellotti, ya gano na gaskiyar a ƙasar Faragwai aka samo Anagyrus lopezi, aka sake shi a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a 1981, daga nan ya kai ƙasashen rogo har da Gana. Hans Herren, wanda ya jagoranci aikin, ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Garin rogon da ake aunawa a kasuwar Asawase ta nan Kumasi yana da alaƙa da wannan halitta da ba ta kai milimita 2 ba.

Na mangwaro ma haka. Rastrococcus invadens ya bayyana a Gana da Togo a farkon shekarun 1980, ganyen mangwaro ya yi baƙi ƙirin. Zanzaron da ya karya shi daga Indiya aka samo, kuma ba shi da suna a littafi sai da John Noyes na gidan adana halittu na Landan ya bayyana shi a 1988, Gyranusoidea tebygi.

Yanzu ga yadda nake bi idan an kawo mini abin da ban sani ba. Ƙafa nake fara kamawa, domin ita ce mai sauƙi. Ka ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa. Idan uku ne, Trichogrammatidae ne, masu shiga ƙwan wasu ƙwari. Idan huɗu ne, ka fara tunanin Eulophidae. Mafi yawan sauran biyar ne. Idan cinyar baya ta kumbura tana da haƙora kamar zarto, galibi Chalcididae ne. Idan fiffiken baya siriri ne mai wuya kamar ludayi, gefensa duk dogon gashi, Mymaridae ne. A cikinsu ne ake da ƙwaron da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya, namijin Dicopomorpha echmepterygis, milimita 0.139, ba ido ba fiffike. Daga nan sai fiffike. Duk wannan babban gida na Chalcidoidea, wanda ya haɗa dangogin nan da na lissafa, jijiyar fiffikensu kusan guda ɗaya ce, ta bi gefen gaba ta ɗan karkata da wani gajeren reshe. In ka ga jijiyoyi sun yi ɗakuna-ɗakuna a fiffike, ka fita daga gidan, ka fara tunanin Braconidae ko Ichneumonidae.

An bayyana iri fiye da 22,000 a gidan Chalcidoidea, masana kuma na hasashen gaskiyar adadin na iya kai wa 500,000, mafi yawa a ƙasashen zafi irin namu. Ka ga ke nan mabuɗan gano suna da ke cikin littattafan kabad ɗinmu, waɗanda akasarinsu a kan ƙwarin Turai da Amurka aka rubuta, za su iya kai ka ƙofar da ba ta gidan ba, kuma za ka ji kamar ka isa. Shi ya sa nake cewa ka tsaya inda idonka ya tsaya. In dangi ka tabbatar, rubuta dangi. In ka kai ga jinsi, wato kalmar farko ta sunan kamar Anagyrus, rubuta jinsi ka bar sauran fili. Babu kunya a ciki.

Ni ma na taɓa yi. Ina saurayi, an aiko mana da kwalabe daga wata gonar kayan lambu, na ga abin ya yi kama da hoton littafi, na sa suna. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni, ya ce in ƙirga masa gaɓoɓin ƙaho da ƙarfi. Na ƙirga sau uku, kullum sai in ga ɗaya ta ragu a kan abin da littafin ya ce. Rahoton ya riga ya tafi. Da hannuna na rubuta takardar gyara, kuma har yau ina tuna nauyin biron nan.

Game da kwalbarka, abu biyu sun dame ni fiye da sunan. Na farko, ka bar su sun mutu sun bushe a ciki. Jikinsu taushi gare shi, in ya bushe haka kai yakan lotsa, ƙaho ya karye. Da sun fito ka zuba su a sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, in kuma za a aika su gwajin ƙwayar halitta, kashi 95 ko sama. Na biyu, takardar ciki da biro ka rubuta ta, sifirit zai wanke ta. Fensir ake amfani da shi: gari, rana, shukar da aka samu, ƙwaron da ya fito daga jikinsa, da wanda ya ɗebo. Kuma nan gaba kada ka zuba reshe gaba ɗaya a kwalba. Ka tsinci busassun gawarwakin ƙwaron, waɗanda suka yi tauri suka koma ruwan ƙasa, ka sa kowace a ƙaramar kwalbarta ka toshe da auduga. Ta haka duk abin da ya fito ka san daga ina ya fito. A reshe guda akwai ƙwari iri-iri da ba ka gani ba, kowanne da nasa mai cinsa.

Ɗora su a gilashin madubin ƙara girma kuwa sai mun zauna tare. Akwai jiƙawa a ruwan fotash kashi 10 har jiki ya washe, da wankewa, da man kanumfari, sannan a cire fiffike da kai da ƙaho da siririyar allura a jera kowanne cikin ɗigon ƙaron balsam. Numfashi mai ƙarfi kaɗai ya isa ya ɗauke maka fiffike. Trichogramma ma ba a raba irinsu sai an duba al'aurar namiji a gilashi. Gwajin ƙwayar halitta yana taimako ƙwarai, amma yana gwada naka ne da wanda wani ya riga ya sa wa suna, kuma namu da yawa ba su cikin rumbun.

Ka kula da laimar Kumasi. Akwatin da aka bari babu maganin tsotse danshi, damina ɗaya ta isa fumfuna ta cinye shi.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu je wajen Ejura mu ɗebo ƙwan tsutsar masarar nan da ta shigo ƙasar a 2016. Ina so ka ga zanzaron Telenomus remus yana fitowa daga ƙwai da idonka, ka gwada shi da Trichogramma a faranti ɗaya. Ka taho da fensir biyu, ƙananan kwalabe hamsin, da auduga.