Firam a hoton atamfa: in ci gaba da biya ko in koyi yi da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a Garwa ta Kamaru. Rabin cinikina yanzu ta WhatsApp da Facebook yake zuwa, har daga Marwa da Ngaundare da Njamena ake aiko mini. Akwai wani yaro da yake sa wa hotunan kayana firam mai ruwan zinare da furanni, ya rubuta sunan shago da farashi, sefa 100 kowane hoto. Nakan sa kamar hoto 10 a rana, ban da Juma'a. Ribata a turmi ba ta cika wuce sefa 1,500 ba. Duk da firam ɗin na ga hotunana a hannun wasu suna talla da su, kuma sau biyu aka dawo mini da kaya wai launin ba shi ba ne. In ci gaba da biyansa, ko in sayi manhaja mai kuɗin wata-wata?

Wata 'yar kasuwa daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Mu fara ɗaukar alƙalami. Hoto 10 a kan sefa 100 jaka guda ke nan a rana. Kwana 26 na kasuwa a wata, sefa 26,000. A shekara sefa 312,000. In aka raba 26,000 da ribar 1,500, sai kin sayar da turmi 18 kowane wata kafin ki fara cin ko dala ɗaya daga ribarki. Na farkon duk na mai firam ne. Kuɗin da yake fita ɗari-ɗari ba ya yi wa ɗan kasuwa zafi, shi ya sa yake daɗewa yana fita ba a lura ba. Shawarata ita ce ki daina biya a kan kowane hoto, kuma kada ki shiga biyan wata-wata. Firam kam ki ci gaba da sawa, amma ba irin wannan ba.

Na fi damuwa da kayan da aka dawo miki da su fiye da hotunan da aka sace, domin a nan ne ake taɓa uwar kuɗi da kuma amana. Kuma ina kyautata zaton ruwan zinaren nan yana da hannu a ciki. Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da abin da ke kusa da shi. Masu harkar tufafi sun daɗe da sanin haka. A 1824 aka ɗora wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, a kan sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris. Ana ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi yadda ya kamata. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau, launukan da ake saƙawa a gefen baƙin ne suke sauya yadda ido yake ganinsa, har ya fitar da littafi a kan batun a 1839. To haka yake a wayar mai sayen kayanki. Leshi ruwan madara in aka zagaye shi da zinare sai ya yi kamar fari tas. Ta aiko da kuɗi tana jiran fari, ta buɗe leda a Marwa ta ga abu ya yi rawaya-rawaya, ta ce an canja mata. Ba ƙarya ta yi ba, ke ma ba ki yi ba. Baƙin gefe kuma yana sa launi ya yi haske da ƙyalli fiye da yadda yake a hannu.

Ki lissafa abin da dawowar turmi ɗaya take ci: kuɗin aike zuwa da komowa, kuɗin cirewa da na mayar mata da kuɗinta ta waya, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora a kan turawa da cirewa tun Janairun 2022. Ribar turmin ta tafi, ta ja ta wani. Wadda aka dawo wa da kuɗi kuwa ba ta yin shiru, a gidan biki za ta ba da labari.

Saboda haka gefen hoton kaya ya zama fari ko ruwan toka mai haske, siriri, ba fure ba ado. Atamfa da kanta ado ce, ba ta buƙatar wani ado ya yi gasa da ita. Kuma kafin a zo maganar firam, a gyara ɗaukar hoton. Ki ɗauka da safe a inuwa, inda hasken rana yake shiga amma ba ya dukan kayan kai tsaye. Kada ki ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko ƙarƙashin shuɗiyar tamfol irin ta rumfunan kasuwa, domin launinsu yana sauka a kan yadin. Ki goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura take rufe komai. Ki ajiye farar takarda a gefen yadin: in ta fito fara a hoton, launin yadin ma ya kusa gaskiya, in ta fito shuɗi-shuɗi ko ja-ja ki canja wuri. Kada a bari kowa ya ƙara wa hoton kaya armashi da tacewar manhaja, ko da ya fi kyau. Wadda ta nemi ganin leshi mai tsada, ki tura mata hoton da alamar HD, wato ta hoto mai fitowa tar, da WhatsApp ya ƙara a 2023, ko ki tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi zaren ya ɓace.

To mene ne amfanin firam ɗin? Wuri ne na rubutu, kamar allon da ke saman ƙofar shago. Kyamarar waya yawanci tana ɗaukar hoto ne a ma'aunin 3 da 4, shi kuwa sitatus na WhatsApp dogo ne, 9 da 16, wato fiksel (ɗigon da ake auna hoto da shi) 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. In kin ɗora hoto a tsaye ya cika faɗin, tsawonsa 1440 ne kawai, saura 480 fili ne a sama da ƙasa. Rubu'in fuskar wayar mai saye ke nan, kyauta. Nan za ki zuba abin da kike so ya bi hoton duk inda aka tura shi. Sai dai a bar ɗan sarari daga can ƙarshen sama da can ƙarshen ƙasa, domin sunanki da wurin ba da amsa suna rufe wajen. Na Facebook da Instagram a yi wani daban mai 1080 da 1350. Da can Instagram murabba'i kawai yake karɓa, har zuwa 2015, shi ya sa mutane suka saba cika gefe da fari don kada a yanke musu hoto. Yanzu wannan larurar ta kau, kada a ƙanƙance kayanki a tsakiyar farin fili ba dalili.

Abu uku nake so a gani a wannan fili. Sunan shago. Lambar waya guda ɗaya tak, da +237 ta Kamaru a gabanta, tunda kina da masu saye a Njamena, kuma hoto yana iya ƙetarawa Yola ko Mubi. Sai lambar kaya, misali A14 ga atamfa, L6 ga leshi, wadda za ki rubuta irinta a littafin shago da kuma jikin ledar kayan. Wannan ta ukun mutane sukan raina ta, amma ita ce mai raba gardama. Maimakon a ce miki "mai koren nan da kika sa shekaranjiya", alhali kina da kore kala biyar, sai a ce L6, magana ta ƙare. In wata ya cika kuma ki buɗe littafi ki ga lambobin da aka fi tambaya da waɗanda ba wanda ya kula su, sarin gaba sai ya zama da hujja.

Farashi kada ya shiga cikin hoton. Ba ina nufin ki ɓoye shi ba; ban yarda da tallan "ki yi mini magana ta ciki" ba, yana korar mai kunyar tambaya. Ki rubuta shi ƙarara a rubutun ƙasan hoto. Dalili shi ne sitatus yana gogewa bayan awa 24, amma wadda ta adana hoton a wayarta tana nan da shi har bayan Sallah. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta hawa da sauka. In kina sari daga Kantin Kwari ko Mubi, farashin turmi a wajenki yana motsi da canji da kuɗin hanya. Ranar da wata ta zo da hoton wata huɗu baya, da farashi a jikinsa da sunanki a kai, ko dai ki sayar a faɗi ko ta tafi tana cewa kin ƙara mata. In ba ki koma WhatsApp Business ba, ki koma, kyauta ne. Yana da katalog mai ɗaukar kaya har 500, kowanne da hoto da farashi da lamba, kuma kina iya gyara farashin ko ɓoye abin da ya ƙare ba tare da sake hoto ba.

Maganar sata kuma, gaskiya firam ba ya hana ta. Duk abin da ke gefe, yanke shi ake yi da yatsa biyu. Abin da yake wahalar da ɓarawo shi ne sunan da ya ratsa kan yadin kansa, a rubuce dishi-dishi yadda ba zai ɓoye zanen ba. Wanda ya fi wannan ma sauƙi, ki sa a buga miki ƙaramin kati mai sunan shago da lamba, ki ɗora shi a tsakiyar yadin kafin ki ɗauki hoto. Ya zama cikin hoton ke nan, ba wata manhaja. Ki riƙa haɗawa da gajeren bidiyo kina warware turmin a cikin shagonki da muryarki, gani ya kori ji, kuma mai sata ba ya iya cewa nasa ne.

Wanda ya ɗauki hotonki don ya sayar da irin kayan da yake da su, haushi ne kawai. Wanda ya fi haɗari shi ne mai barin sunanki ya canja lamba, ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutane ya ɓace, a zo ana sallama a ƙofar shagonki. Don haka lambar da ke jikin hoto ta zama ita ce ta WhatsApp, ita ce kuma ta karɓar kuɗi, ko Orange Money ko MTN MoMo. Ki riƙa maimaita wa masu sayenki cewa ba ki da wata lambar, kuma sabuwar mai saye ta kira ta ji muryarki kafin ta tura. Ke ma ki kiyaye ɗaya gefen: hoton da dilan Kano ya turo miki nasa ne, kada a manna masa sunanki sai da izininsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta haɗa da hotuna, sannan kayan da ke hotonsa ba lallai su zama daidai da waɗanda suka iso hannunki ba. In sunan shagon ya yi ƙarfi har wasu suka fara kwaikwayonsa, akwai rajistar alamar kasuwanci a hukumar OAPI da ke Yawunde, mai aiki shekara 10 a ƙasashe 17, har da Chadi da Nijar, ban da Najeriya. Wannan na gaba ne, yanzu kuɗinki ya fi amfani a kan kaya.

Manhaja mai kuɗi ba ki buƙatarta. Snapseed na Google kyauta ne, yana sa gefe yana sa rubutu. Canva ma ɓangarensa na kyauta ya ishe ki ki ajiye fankon firam ɗaya, kullum ki canja hoto da lambar kaya kawai. Ki guji danna gwajin kyauta da yake neman lambar katin banki, domin in kwanakin suka cika cirewa zai fara yi da kansa. Kuma kada ki yarda a tura miki manhaja mai kuɗi da aka yi wa kutse aka mayar kyauta daga wajen masu cajin waya. Wayar da kuɗin shagonki yake ciki ba wurin gwaji ba ce.

Shi kuma yaron, kada a rabu da shi baram-baram, sana'arsa yake yi kuma ya taimake ki a lokacin da ba ki da wata hanya. Ki kira shi ki gaya masa gaskiyar lissafin. Ki ba shi aiki guda mai kauri, ku yi ciniki sau ɗaya, ko da zai kai jaka 5 ko 10: ya tsara miki fankon firam biyu, na sitatus da na Facebook, a cikin wayarki ba tasa ba, ya zauna ya koya miki ko yarinyar shagonki har hannu ya faɗa, kuma ku yi magana a gaban shaida cewa tambarin da ya zana naki ne. Gwanintarsa ta zinare da furanni tana da ranarta. Sanarwar isowar kayan Sallah, ko ta atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da mata suke rububinta, ko gaisuwar barka da shan ruwa, duk waɗannan ba hoton kaya ba ne, ba wanda zai auna launi da su. Ki riƙa ba shi irinsu kina biyansa da kyau, sau uku ko huɗu a shekara.

Ki fara da sababbin kayan da za su shigo, tsofaffin hotuna ki bar su su wuce. Daga ranar ki ware shafi a littafi ki riƙa rubuta lambar duk kayan da aka tambaya, da wanda aka saya, da wanda aka dawo da shi da dalilin dawowar. Bayan wata biyu ki aiko mini da shafin mu duba tare, musamman layin leshi masu haske.