Ga ɗan'uwan da aka ce sai an yi masa aiki bayan kemo

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka gama kemo (magungunan kashe kansa) zagaye 4 na kansar maraina, gwajin jini ya yi kyau, amma hoto ya nuna sauran ƙari a bayan ciki, kana tambaya ko a ƙyale shi tunda ba ya ciwo. Don Allah kada ka ƙyale shi.

Ni ma haka ta faru da ni. AFP da hCG, alamomin kansar da ake aunawa a jini, suka sauka, har Inna ta yi sadakar waina. Sai hoton CT a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ya nuna sauran ƙari santimita 4, manne da babbar jijiyar jini. Na fito bakin titi na zauna da takardar a hannu, motocin Funtuwa na ta wucewa, kaina ko gashi ɗaya babu, na kasa kiran kowa har la'asar.

Likita ya ce kansar maraina iri biyu ce, seminoma da wadda ba seminoma ba; irin namu da ba seminoma ba, duk abin da ya haura santimita 1 cirewa ake yi. Hoto ba ya bambance mataccen nama da kansa mai rai da kuma wani nau'in ƙari da ake kira teratoma. Shi teratoma kemo ba ya kashe shi, a jini ma yakan ɓuya, yana nan yana girma. Nawa da aka ciro aka gwada, shi ne.

Amma kafin nan wata uku na ɓata, saboda wani kawuna. Ya rantse duk wanda aka farka wa ciki ba ya tashi, ya ja ni wurin mai magani, na sha jiƙo har jarka biyu. Wannan ma da sauƙi. Mutumin nan da ƙafarsa ya je Tudun Wada gidan su yarinyar da zan aura, ya ce musu an fiɗiye ni. Ɗaya fa aka cire! Aka dawo da kayan sa rana a Keke Napep, ina kwance a zaure ina jin ana sauke su. Har gobe in muka haɗu a masallaci gaisuwa ce kawai, Allah Ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Aikin babba ne, ba zan ɓoye maka ba, daga ƙahon zuci har ƙasan cibiya. In a cikin kemon naka an yi maka maganin bleomycin, ka gaya wa likitan sa barci, don yana taɓa huhu, sai sun yi hattara da oksijin. Kuma ka cire kunya ka tambayi maganar maniyyi: in an taɓa wasu jijiyoyi, yakan daina fita ko ya koma mafitsara, ƙarfin namiji kuwa yana nan. Ka ce ko za a iya tsallake jijiyoyin, ko a adana maka maniyyi tukuna. Ka nemi masu ba da jini tun yanzu, ni abokan ƙwallona na Samaru ne suka ba ni. Bayan aiki in sun hana ka maiƙo ka haƙura, ni kilishi ma sai da na yi makonni ban kusance shi ba.

Ƙarin naka santimita nawa suka ce?