Motata na zafi a cunkoso: in cire tamostat in sa fankar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota mai silinda huɗu, irin wadda bel ke juya fankarta. A babbar hanya lafiya lau take, allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Amma da na shiga cunkoso, musamman in na kunna na'urar sanyi, sai allura ta fara hawa har ta kusa taɓa ja. Makanikena ya ce in cire tamostat, in sayi fankar lantarki a haɗa ta kai tsaye da makulli, ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa. Wannan shawara daidai ce? In kuma zan sa fankar, yaya ake sa ta yadda ya kamata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin shawarar daidai ne, ɗaya rabin kuwa ka bar shi inda ka ji shi. Sa fankar lantarki dabara ce mai kyau ga irin matsalarka. Cire tamostat da barin fanka tana gudu ba tsayawa kuwa, ɓoye ciwo ne, daga baya kuma ya haifar da wani.

Bayanin da ka bayar ya riga ya nuna inda matsalar take. Da mota ta kai gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da ke shigowa ta gaba ta isa ta sanyaya lagireto, fanka kusan 'yar kallo ce. Aikinta na gaske yana farawa ne in mota ta tsaya ko tana jan ciki. Ita kuwa fankar bel gudunta na bin gudun inji, to a tsaye, inda inji ke juyi 700 ko 800 a minti, nan ne ta fi sanyin jiki, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ga kuma kondensar na'urar sanyi a gaban lagireto, tana ɗumama iskar tun kafin ta isa gare shi. Da a ce akasin haka ka faɗa, wato mota na zafi a babbar hanya tana hucewa a tsaye, da na ce kada ka sayi fanka, ka nemi toshewar lagireto, ko famfon ruwa da ganyensa ya cinye, ko tiyon ƙasa da ke lotsewa in an taka mai.

Duk da haka, kafin ka kashe kuɗi ka duba abin da ke jikin motar. Yawancin fankokin bel suna da kulocin da ke ɗauke da man silikon a ciki, shi ke sa fanka ta kama sosai in iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. In inji ya ɗau zafi, ka kashe shi, ka tura fankar da hannu. In ta yi ta wulwulawa sakaka kamar ba abin da ke riƙe ta, ko ka ga baƙin maiƙo ya zubo daga tsakiyarta, kulocin ya mutu, kuma canza shi kaɗai na iya kashe maganar. Ka duba ko gidan fanka na nan, wato robar da ke rufe bayan lagireto ta bar zagayen rami daidai fukafukai. Sau da yawa ana cire shi wajen gyara a ƙi mayarwa, alhali in babu shi fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba. Sannan ka haska tocila tsakanin kondensa da lagireto. Ƙura da ganye da gashin tsuntsu kan taru a nan su zama kamar bargo, kuma daga waje ba a gani.

Sai maganar tamostat, wadda nan ne aka fi samun rashin fahimta. Mutane da yawa na ɗauka duk sanyin da inji ya yi alheri ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin mota ya yi aiki da ruwansa tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon ƙirarsa. A wannan zafin ne fistin da zobbansa ke buɗewa su cika silinda daidai, baƙin mai ya tsinke yadda ake so, damshi da fetur da suka sulale cikin man su ƙafe. Tamostat bawul ne kawai mai kakin zuma na musamman a cikinsa. Yana rufe hanyar lagireto har ruwa ya kai zafin da aka buga a jikinsa, galibi 82 ko 88, wasu har 92, sannan ya fara buɗewa. Shi ke hana inji yin sanyi fiye da ƙima. Ba shi ke hana zafi wuce ƙima ba, wannan aikin lagireto ne da iska. A cunkoso, lokacin da allurarka ke hawa, tamostat mai lafiya ya riga ya buɗe gaba ɗaya, saboda haka cire shi ba ya ƙara maka iska ko kaɗan.

Abin da cirewar ke jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, a doguwar hanya ma ya ƙi kaiwa. In motar mai kwamfuta ce, sensa zai yi ta gaya mata inji da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara fetur. Shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya yi laka. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: a injuna da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagaya cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. In aka cire shi, wannan hanya a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai huce ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba. In kana zargin naka ya maƙale, ka jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta da ma'aunin zafi a ciki, ka ga a nawa yake buɗewa. In ya ƙi, ka sayi sabo mai lambar da kamfanin motar ya ƙayyade.

Yanzu fankar kanta. Ka zaɓi mai jawo iska, wadda ke zama bayan lagireto ta ɓangaren inji. Mai turawa, da ake sawa a gaba, jikinta na tare iskar hanya, ba a komawa gare ta sai in wuri ya yi ƙaranci. Ka auna tsawo da faɗin saƙar lagireton, ka kuma auna tazarar da ke tsakaninsa da fulin famfon ruwa, ka bar aƙalla santimita 2 tsakanin motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, da duk abin da ke juyawa, domin inji na jijjiga a kan kujerunsa. Kada lambar yawan iska da ake bugawa a kwali ta ruɗe ka. Galibi ana auna ta ne ba lagireto a gaban fankar, to da ta haɗu da saƙa mai kauri da kondensa sai ƙarfinta ya faɗi. Yawan wutar da take ja ya fi faɗin gaskiya: siririyar fanka mai cin amp 5 ko 6 da wuya ta maye gurbin fankar bel, mai ƙarfi kan ci 15 zuwa 25. A ganina, fankar asali da aka ciro daga wata mota haɗe da gidanta, in girman ya yi daidai, ta fi yawancin waɗannan na kowa-da-kowa.

Wajen ɗaurawa, sau da yawa za ka tarar da wasu siraran robobi a kwalin, waɗanda ake sokawa ta cikin saƙar lagireto. Ka ajiye su gefe. Nauyin fanka da jijjigar hanya kan sa su goge bututan ruwa har su huda. A lanƙwasa ƙarfe a ɗaure fankar a gefen lagireto ko jikin mota. Kuma a motoci da yawa notukan da ke riƙe tsohuwar fanka su ne ke riƙe fulin famfon ruwa, to in an cire fankar dole a mayar da su, a kuma tabbata ba su yi tsawon da za su taɓa jikin famfon ba.

Haɗin waya shi ne inda shawarar makanikenka ta fi ba ni tsoro. Fanka mai cin amp 20 na fizgar fiye da haka a daƙiƙar tashi, makullin mota kuwa ba a yi shi don wannan kaya ba, zai yi zafi ya ƙone a hankali. Rile ake sawa, wato makunnin da 'yar ƙaramar wuta ke sa shi ya buɗe wa babbar wuta hanya, mai amp 40, irin mai ƙafafu da lambobi a gindinsa. Lamba 30 ta tafi kan batir mai alamar + da waya mai kauri, milimita 4 zuwa 6 murabba'i, da fiyus na amp 30 ko 40 kusa da batir ɗin, ba can kusa da fanka ba, domin wayar fiyus ke karewa. Lamba 87 ta tafi jar wayar fanka, baƙar kuma a ɗaure ta a ƙarfen mota da aka kankare fentinsa. Lamba 86 ta ɗauki 'yar wuta daga layin da ke zuwa in an murɗa makulli, 85 kuma ta bi ta makunnin zafi, wato wanda ke kunna kansa in ruwa ya yi zafi, zuwa jikin mota. Ta haka makulli da makunnin zafi umarni kawai suke bayarwa, nauyin na kan rile.

Makunnin zafin nan shi ne zuciyar aikin, kuma lambobinsa biyu dole su dace da tamostat ɗinka. In tamostat na buɗewa a 82, makunnin da ke kunnawa wajen 95 ya kashe wajen 90 ya yi daidai, in a hanyar ruwan da ke fitowa daga inji aka sa shi. Ƙa'idar ita ce lambar kashewa ta ɗara ta buɗewar tamostat. In ta yi ƙasa da ita, ruwa ba zai taɓa sauka can ba, domin tamostat zai rufe ya riƙe zafin, fanka kuwa ta yi ta gudu har gawayin motarta ya ƙare. Inda aka dasa makunnin ma yana canza lissafi: ruwan tiyon ƙasa ya riga ya huce a lagireto, don haka makunnin da za a sa a can lambarsa ta fi ƙasa. Na fi yarda da mai zare da ke nutse cikin ruwa, a jikin lagireto ko a ɗan bututun ƙarfe da ake sakawa tsakiyar tiyo, fiye da mai tsinke da ake cusawa tsakanin saƙa, wanda iska ke ruɗa shi.

Tunda na'urar sanyi ce ke tsananta matsalarka, a sa fankar ta tashi duk lokacin da kwamfuresa ta kama. Rile na biyu ne hanya mafi tsabta: wayar kulocin kwamfuresa ta kunna shi, shi kuma ya ba fanka wuta. In aka haɗa wayoyin biyu kai tsaye, wuta na iya komawa baya ta kama kwamfuresa duk sanda fanka ta tashi. Bayan an gama, a auna batir inji na aiki a tsaye, fanka da fitilu da na'urar sanyi duk a kunne. Ya kamata ka ga volt 13.5 zuwa 14.5. In ya sauka kusa da 12, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta ɗaukar kayan, kuma tsofaffin motoci da dama nasu bai wuce amp 60 ko 70 ba.

Gwaji ba wuya. A cika ruwa, a buɗe hita zuwa ƙarshe, a bar inji ya yi aiki har iskar da ta maƙale a ciki ta fita, domin makunnin da ke zaune cikin kumfar iska ba ya jin zafin gaskiya. Da fanka ta tashi, ka kawo takarda gaban lagireto: in ta manne, iska na bin hanyar da ta dace, in ta ture ta, an juya wayoyi. Ka tsaya ka ga ta kunna ta kashe da kanta sau biyu ko uku, hannunka da hannun riga nesa da ita.

Kada ka manta da ruwan da murfinsa. Zallan ruwa na tafasa a 100, yana kuma cin ƙarfe da alminiyam. Haɗin rabi da rabi da ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, yana kai tafasar wajen 107, murfi mai riƙe matsi 1 a ma'aunin "bar" kuwa yana ɗaga ta zuwa kusan 128. Murfin da robarsa ta tsage zai sa ruwa ya yi ta amai a zafin da bai kai ya kawo ba, kuma ba a buɗe shi sai inji ya huce. In bayan duk wannan ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko kumfa na ta tasowa a bakin lagireto, ko tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, to hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. A yi gwajin gasket ɗin kan silinda kafin ka ci gaba da hawa motar.