Zauren Kayan Sauti: Tambayoyinku a kan firiyam

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan firi-amfilifaya suke, wadda mu masu gyara muke kira firiyam. Na zaɓi guda biyar.

"Malam, ina da na'urar CD da sifiku biyu masu kyau. Abokina ya ce ba zan ji sauti na gaske ba sai na sayi firiyam daban da babbar amfilifaya daban. Haka ne?" Wani malamin makaranta, Zariya.

Ba haka ba ne, Malam. Aikin firiyam shi ne ta zaɓi inda sauti zai fito, ko CD ko kwamfuta ko garmaho, ta daidaita ƙararsa, sannan ta miƙa shi ga babbar amfilifaya mai tura sifiku. Haɗaɗɗiyar amfilifaya tana da su biyun a akwati ɗaya, kuma ta ishi falo irin namu. NAD 3020 da ta fito a 1978 haɗaɗɗiya ce, ba ta da tsada, amma har yau ana yabon muryarta. Na'urarka ta CD tana fitar da kusan bolt 2, wanda ya isa ya kai yawancin manyan amfilifayoyi ƙarshen ƙarfinsu, don haka rage sauti firiyam za ta riƙa yi maka, ba ƙarawa ba. Riƙe kuɗinka. In ma za ka kashe, kashe a kan sifiku.

"Wani yaro a kasuwar Alaba ta Legas ya turo min hoton firiyam ɗin McIntosh ta WhatsApp, ya ce tokumbo ce daga Amurka, naira 450,000. Ya ce in tura rabi yau don akwai mai so. In tura?" Wani ɗan kasuwa, Kano.

Alhaji, don Allah kada ka tura ko sisi. A nan zan daɗe, domin wannan magana ta daɗe tana ci min rai.

McIntosh kamfani ne da aka kafa a 1949, kuma a garin Binghamton na jihar New York yake ƙera kayansa. Sabuwar firiyam ɗinsu dubban daloli ce, tsofaffinsu na zamanin bawul, wato 'yan kwalaben gilashi masu ƙara sauti da ake amfani da su tun kafin taransista, kuwa masu tara kayan tarihi ne ke rububinsu a Amurka da Japan. Kai ɗan kasuwa ne, ka san canjin dala na yau fiye da ni. Buga lissafi, ka sa kuɗin jirgi da na kwastan, ka gaya min ta ina yaron zai ci riba. Da a Kwari wani ya kawo maka dilar shadda Getzner a kuɗin yadin makaranta, ai ba za ka tsaya sauraronsa ba. To me ya sa in aka zo kan kayan wuta sai manyan mutane masu wayo su zama yara? Araha ba ta ado, Alhaji. Wancan "akwai mai so" kuwa tsohon salo ne na hana mutum tunani.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona. An taɓa kawo min wata firiyam shago, fuskarta baƙin gilashi, da mita masu shuɗin haske, suna ya zauna daram. Mai ita ya ce kunne ɗaya ne ya ɗauke, wato sautin ɓangare ɗaya. Na kwance sukurori shida na ɗaga murfi. Allon da ke ciki bai fi tafin hannuna ba, taransifomar irin ta rediyon kan tebur, sauran akwatin kuwa fanko, sai wani guntun ƙarfe da aka manna da gam a gindi don in ka ɗaga ka ji nauyi. Mutumin ya zauna a kan bencina ya yi shiru ya fi minti biyar. Kuɗin da ya tara na wata da watanni ke nan. Ba na son in ga wani a wannan halin.

Kuma jabun bai tsaya a akwati ba. Akwai kafasita, 'yar gwangwanin da ke ajiye wuta a cikin na'ura, mai ɗauke da sunan kamfanin Nichicon ko Elna, wadda in ka fasa gwangwanin sai ka tarar da wata ƙarama a ciki. Akwai ƙananan ayisi, 'yan baƙaƙen kayan lantarki masu ƙafafu da ke kan allo, da ake kankare lambarsu a buga ta masu tsada. Intanet cike take da alluna da ake cewa kwafin tsohuwar firiyam ɗin nan Marantz 7 ne, wasu ma suna faɗin gaskiya cewa kwafi ne, sai ɗan tsakiya ya saya ya sa a akwati mai kyau ya ce asali ce. Akwai kuma ta gasken da aka yi wa fyaɗe: jiki na asali, amma an cire bawul da kayan ciki masu daraja an cusa tarkace.

Ko da ta gaske ce, saura maganar wuta. Amurka bolt 120 suke amfani da shi, Japan 100, mu 230. Kayan da na ga sun ƙone a daren farko saboda an soka su a bango kai tsaye ba su ƙirguwa. Karanta rubutun da ke bayan na'ura kafin komai. In 120 ko 100 ka gani, sai da sitef-dawun mai kyau, wato taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Kayan Ingila da Jamus sun fi sauƙi, wutarmu ɗaya da su.

In har ranka ya biya, tashi ka je Legas da kanka, ko ka tura mai gyaran da ka yarda da shi. A buɗe murfi a gabanka. A ɗauki lambar siriyal a tura wa kamfanin su tabbatar. A jona ta, ta yi aiki awa guda, ka murɗa kowane maɓalli, ka gwada kowace mashiga. Mai kaya na gaskiya ba ya tsoron sukundireba. Wanda ya ce buɗewa zai ɓata garanti a kan kayan tokumbo, yi masa sallama.

Sannan ka ware kuɗin sitabilaiza mai kyau tun kafin ka yi ciniki. Mutum ya zuba miliyoyi a kayan sauti ya jona su a soket ɗin naira dubu biyu, wannan almubazzaranci ne. In inbata gare ka, tabbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, don mai araha tana sa taransifoma kuka da zafi.

"Wace firiyam ce ta fi yawan wat? Ina so in na kunna, unguwa ta san na dawo." Wani matashi, Kaduna.

Firiyam ba ta da wat, ba ta tura sifika. Abin da kake nema kayan gidan biki ne, je ka wurin masu haya. Kuma maƙwabta suna da haƙƙi a kanka, akwai marar lafiya, akwai mai jariri.

"Baba, mahaifinmu ya rasu ya bar garmaho da faya-fayai sun fi ɗari. Na jona shi a amfilifayar mijina, sauti ya fito can ƙasa-ƙasa, siriri, babu bes. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ina tsoron ni na lalata shi." Wata baiwar Allah, Maraɗi.

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna makoma. 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki lalata komai ba. Allurar garmaho ɗan abin da take fitarwa kusan kashi 5 cikin 1,000 na bolt ɗaya ne, wato CD ta ninka ta sau ɗaruruwa. Kuma tun wajen yanka faifai ake rage bes a ƙara siririn sauti da gangan, bisa wani ma'auni da ake kira RIAA wanda aka tsayar a 1954. Dole sai an sami abin da zai ɗaga sautin ya mayar da shi daidai. Duba bayan amfilifayar ko akwai mashiga mai rubutun PHONO. In akwai, can za ki jona. In babu, ƙaramar firiyam ta garmaho kike buƙata, 'yar akwati ce da ba ta fi sabulu biyu ba, kuma mai sauƙin kuɗi ta ishe ki. Ki ce wa mai sayarwa ta MM kike so, ita ce irin allurar da ke kan yawancin garmahon gida. Za ki ga wata siririyar waya ta uku a bayan garmahon, ɗaure ta a sukurun da aka rubuta GND, in ba haka ba za ki ji gurnani.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ƙara ɗora faifai sai an sake allura. Tsohuwar allura tana cin faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Faya-fayan kuma a jera su a tsaye, nesa da taga, don zafin Maraɗi yana lanƙwasa su.

"Bawul ko taransista?" Wani likita, Jos.

Likita, kai da ke Jos mai sanyi kana iya riƙe firiyam ta bawul. Muryarta da daɗi, kuma bawul irin su 12AX7 da 12AU7 har yanzu ana ƙera su. Amma tana zafi, tana tsufa, kuma sai ka duba jituwarta da babbar amfilifayarka: om (ma'aunin turjiyar wuta) ɗin mashigar babbar ya ninka na mafitar firiyam aƙalla sau 10. Mafita mai 600 a kan mashiga mai 47,000 lafiya lau. Mafita mai 2,000 a kan mai 10,000 kuwa bes zai rame. Da daga Sakkwato ko Maiduguri ka rubuto, ɗaki babu na'urar sanyaya, da taransista zan ce, domin duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Ko wacce ka ɗauka, firiyam ake fara kunnawa, babbar amfilifaya a ƙarshe, wajen kashewa kuma babbar ce farko. In an ɗauke wuta, tashi ka kashe babbar kafin a dawo da ita.